Biko a Hawa na Shida

Ranar Laraba ce, ina ɗakin girkin lakwal, makarantar yaran da nake aiki, hannuna cikin bahon karas, salula ta yi ƙara a aljihuna. An hana mu ɗauka a bakin aiki. Na ɗauka. Yayata ce, wadda na manta rabon da ta kira ni da kanta. Ko rasuwar Innarmu ni na kira ta.

"Auta, ina tashar jirgin garinku."

"Wane gari?"

"Lyon mana. Ni da yarinya. Ban san ta inda ake fita ba."

Na tsame hannu, na cire hular aiki. Abokiyar aikina, wata Anasara mai shekara hamsin da wani abu, mai warin taba da muryar maza, ta dube ni ta ce in tafi, ita za ta ce gudawa ta kama ni.

Na iske Yaya tsaye ƙarƙashin babban allon tasha, da jakar nan mai zane-zane da ake sayarwa a unguwar Barbès ta Paris, ɗiyarta 'yar shekara huɗu tana riƙe da bakin zanenta. Na yi mata magana ta hagu, ba ta ji ba. Sai da ta juyo mini da kunnen dama. Ban tambaye ta abin da ya sami na hagun ba, don na sani.

Shekara uku ke nan da na sani. Mijinta kowa Dokta yake ce masa a Paris, ba don yana duba marasa lafiya ba, karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi har ya ƙure shi. Shi ke tarbo sababbin ɗalibai a filin jirgi, shi ke cike wa tsofaffi takardu, shi ake turawa gaba in za a yi addu'ar suna. Murya ƙasa-ƙasa, kullum da turare. Na taɓa kwana uku a gidansu na unguwar Belleville, na ga yadda Yaya take ɗaga tukunya da hannu ɗaya, na ga abin da ke ƙarƙashin ɗankwali. Na zazzage Dokta tas a gaban abincinsa. Ya hana ni gidan, Yaya kuma ta ce na tona mata asiri. Da na sake gida da bazara na koma Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon, ita kaɗai na aika wa lambar gidan, shi bai san ƙofata ba.

Washegari Anasarar nan ta kai mu wani ofis na mata masu taimakon irin Yaya. Ita ma ta nan ta bi, in ji ta. A mota ta ba mu labarinta ba tare da an tambaye ta ba. Shekara goma sha ɗaya mijinta yana dukanta. Ranar da ya sa ƙafa ya shure karenta daga saman matakala, ranar ta kira polis, ta kwashe kayanta.

Na juya wa Yaya da Hausa, na ƙara da nawa: "Kin ji fa. Haƙarƙarinta bai tashe ta ba, sai kare."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Karen ya rayu?"

Na tambaya. Ya rayu, da ɗingishi, har shekara shida.

A ofis wata mata mai gilashi ta zaunar da mu, ni ce tafinta don Faransancin Yaya na kasuwa ne. Ta yi tambayoyi da yawa tana rubutawa. Can ta ce, shekara bakwai ana wannan abu, me ya sa yanzu? Ya ƙara tsananta ne? Ya taɓa yarinyar?

Yaya ta ce a'a, bai taɓa yarinyar ba. Ta ce, "Faɗa mata Inna ta rasu. Ranar Asabar aka yi sadakar arba'in."

Matar ta yi mana ta'aziyya, ta miƙo takardar share hawaye, ta sake tambayar. Ta ɗauka Yaya ba ta gane ba ne. Ni ma da farko haka na ɗauka, har na fara ƙosawa, na ce, "Yaya, dalili take tambaya."

"Shi ne dalilin. In na fito tana da rai, a Damagaram wa za a nuna da baki a gidan biki? Ita. Mace mai hawan jini. Yanzu ƙasa ta rufe mata kunne."

Na fassara yadda na iya. Matar ta riƙe alƙalami a sama ba ta rubuta ba. Ta ce mata da yawa da take gani suna fitowa ne in sun ji tsoron mutuwa, ko in sun gaji, ko in wani ya ce musu ku fito. Ba ta san a wane layi za ta sa wannan ba. Na ce ta sa a inda ta ga dama, mu ɗaki muke so.

Sai maganar polis. Nan Yaya ta kafe. Ta ce ba za ta miƙa uban ɗiyarta, baƙar fata, ga 'yan sandan ƙasar nan ba, ba ta san yadda za su kwantar da shi ba. Ta ce in sun shigo maganar, gobe wata ma'aikaciyar gwamnati za ta zo da jaka ta leƙa firijinta ta ce ba ta iya riƙon yarinya ba. Ga takardar zamanta da sunansa a jiki. Anasarar tawa ta ce ita da ta kira su, Madam suka ce mata, har ruwa suka ba ta. Yaya ta dubi hannun matar, ta dubi nata.

Aka ce akwai ɗaki, amma sai Litinin. Kafin nan ta zauna wurina. Mai gilashi ta ɗaga yatsa ta ce kada kowa ya san inda take. Kowa. Ko dangi, musamman ma dangi. Na ce na ji. Har haushi na ji da ta maimaita, kamar tana magana da yarinya.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Baba Alhaji ya kira ni. Abokin mahaifinmu ne, ya fi shekara talatin a Paris, yana da shagon salula a Barbès, ƙarƙashin gadar da jirgin metro ke bi. Shi ne uban da muke da shi a ƙasar nan. Da na zo, a gidansa na yi wata huɗu ina kwana tsakanin 'ya'yansa. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya sake yi mini gaisuwar Inna, ina jin ƙarar jirgin yana wucewa bisa kansa. Sannan ya ce, "Ɗiyata, an ce yayarki ta yi yaji."

A wurinmu mace in ta ji wuya takan tafi gidansu, miji ya bari kwana biyu zuciya ta huce, sannan ya ɗauki babba su zo biko da goro da zane. A shimfiɗa tabarma, kowa ya faɗi nasa. Ina ƙarama na ga an yi wa wani maƙwabcinmu, ƙato mai gemu, kakarmu ta zaunar da shi ta wanke shi da baki har gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Wannan hoton ne ya faɗo mini. Na ga Dokta a ƙasa bisa tabarmata, kai sunkuye, ni tsaye ina lissafa wa Baba Alhaji kunne da wuyan hannu da haƙorin da ya karye. Shekara uku nake jiran wanda zai ji. Kuma Baba Alhaji ne fa. Ta ina zan fara ce masa ban sani ba?

Na ce tana wurina. Na ba shi lambar gida, da hawa, har da bas ɗin da za su hau in sun fito daga metro. Ya sa mini albarka, ya ce gobe bayan la'asar suna tafe.

Ban faɗa wa Yaya ba sai da safe, tana dama wa yarinya kunu. Na faɗa da ƙarfi, irin na wanda ya san bai kyauta ba. Na ce yau za a yi ta ta ƙare, yau zai ji kunya.

Ta ci gaba da damawa har kunun ya yi kauri. Ta sauke. Ta shiga ɗaki ta fito da wata leda ta zazzage bisa tebur: takardar haihuwar yarinya, littafin allurarta, fasfo biyu, da carbin Inna.

"Dubi nan. Mai yaji tana ɗaukar wannan? Mai yaji kwanukanta take bari a jere don ta san za ta koma. Ni makulli na ajiye masa bisa tebur."

"To ai sai ki faɗa a gaban Baba Alhaji."

"Baba Alhaji zai zo ya koma shagonsa. Shi kuwa ya ga ƙofa. Ya ga lakwal ɗin da ke ƙasa, ya ga tashar bas. Ke kullum bakinki yana gaban kanki, Auta."

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da na samu abin mayarwa. Na kira Anasarar. Ta zage ni da kalmomin da ban taɓa ji a lakwal ba, sannan ta ce za ta zo da ƙarfe ɗaya, su kwana wurinta har Litinin, in ba sa ƙyamar kare. Wani karen ne, ba mai ɗingishin ba.

Ta zo a kan lokaci. Ta ajiye ƙaramar motarta a bayan gida, wajen manyan kwandunan shara. Na sauke mata yarinya da jaka, na hawo. Asansar ɗinmu, na'urar hawa bene, ta mutu tun farkon wata, hawa shida da ƙafa, matakala ɗaya ce tal. Yaya ta ce bari ta yi azahar ta sauka. Tana raka'a ta uku ƙararrawar ƙasa ta yi ƙara.

"Salamu alaikum, ɗiyata. Mun samu jirgin safe, ga mu."

Ƙofar ƙasa ba ta kulluwa tun da na tare, ladabi ne kawai ya sa ya danna. Na tsaya kan Yaya har ta sallame, na ce mu kulle, mu yi shiru, su gaji su tafi.

"In ba a buɗe ba Dokta zai sauka ya zagaya gidan. Yarinya tana cikin mota." Ta naɗe sallaya. "Baba tsoho ne, zai huta a kowane hawa. Ɗora shayi. Shimfiɗa tabarma."

Ta kwashe takardun ta ɗaure su a ƙugu ƙarƙashin zane, ta saki hijabi a kai. Na kira Anasarar na ce ta kwantar da yarinya a kujerar baya, kada ta kashe mota. Ta ce minti ashirin, in ba ta ga yayata ba za ta kira polis, ko muna so ko ba ma so. Na faɗa wa Yaya. Ta girgiza kai kawai, ta ajiye silifas ɗinta a bakin ƙofa, bakinsu yana kallon waje.

Muna jin su tun daga hawa na huɗu, tarin Baba Alhaji da muryar Dokta yana cewa sannu Baba, a hankali Baba. Na buɗe. Baba Alhaji ya shigo yana haki cikin babbar riga da kwat a sama. Dokta a bayansa, da leda a hannu, ya yi mini murmushi.

"Ƙanwata. Kin ɓuya."

"Ban ɓuya ba, kore ni aka yi."

"Auta," in ji Yaya. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Baba Alhaji, ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha. Aka yi gaisuwa tun daga Paris har Damagaram, ni ina kallon agogon murhu. Minti shida sun tafi a gaisuwa kaɗai. Dokta ya zauna a ƙasa, gefen tabarma, yadda na yi ta hasashe. Ya fito da goro cikin ganye mai laima da atamfa ɗaya ya tura gaban Baba Alhaji. Idon Dokta kuwa yana yawo, ƙofar ɗaki, bayan kujera, ƙaramin kofin roba da yarinya ta bari bisa tebur.

Baba Alhaji ya yi bismilla ya fara. Zaman aure, haƙuri, baƙuwar ƙasa, abin da mutane za su ce. Ban bari ya kai ƙarshe ba. Na miƙe tsaye na fara lissafi. Na ce Baba ya yi mata magana ta hagu ya gani ko za ta ji. Na faɗi wuyan hannu, na faɗi haƙori, na faɗi ranar da ya kulle ta a banɗaki tun safe har ya dawo aiki. Na faɗa duka, ina jiran in ga fuskar tsohon ta canza.

Ba ta canza ba. Ya shafa gemu ya ce, "Mun sani, ɗiyata. Sau biyu ina kiransa shago ina yi masa faɗa. Matata Hajiya ma ta sani. Zauna."

Na zauna. Ashe babu wani asiri da zan tona. Dokta bai ma sunkuyar da kai ba, ya ce da muryar nan tasa mai sanyi, shaiɗan ne, kuma ya ɗauki alkawari. Agogo ya ce saura minti bakwai.

Baba Alhaji ya juya wajen Yaya. "Ke kuma, ko don darajar mahaifiyarki da ke kwance, ki yi haƙuri ki koma ɗakinki."

Yaya tana kallon tabarma ta ce, "Na yi mata, Baba. Shekara bakwai na yi mata. Ta tafi ba ta ji komai ba, alhamdu lillahi."

Dokta ne ya yi magana.

"Ina yarinyar?"

Ya miƙe, ya tura ƙofar ɗaki ya leƙa, ya leƙa banɗaki. Da ya juyo murmushin ya tafi. Na san wannan fuskar, ita na gani a Belleville. Hannuna ya kai kan butar shayi da ke tafasa, ban san me zan yi da ita ba.

"Tana ƙasa wurin maƙwabciya," in ji Yaya. "Bari in ɗauko ta ta gaida Baba."

Ta miƙe ba gaggawa. Ta wuce ta gabansa, kafaɗarta ta kusa taɓa rigarsa. Ta zura silifas. Rigar sanyinta tana rataye a ƙusa, watan Nuwamba, ba ta ko kalle ta ba.

"Mu je tare," in ji Dokta.

Na ga idon Baba Alhaji ya sauka kan ƙugun Yaya, inda takardun suka ɗan tasa zane. Ya kai kan rigar da ke rataye. Ya ɗauki goro ɗaya ya fasa.

"Zauna, Dokta. Biko ka zo. Mai biko ba ya bin mace a matakala, a tabarma yake jira a kawo masa. Ɗiyata, ina shayin nan?"

Dokta ya tsaya, hannunsa a jikin ƙofa. Ina jin silifas ɗin Yaya, taf, taf, taf, ba ta gudu. Mutumin da duk Paris ta sani da ladabi, ga babba ya ce ya zauna. Ya zauna. Na zuba shayi, rabi a kofi rabi a tire. Na ɗaga buta sama ina yin kumfa kamar wadda ba ta da wani aiki a duniya, ina ƙirga hawa a zuciyata. Biyar. Huɗu. Tagar ɗakin girki tana kallon baya. Da na je ɗauko sukari na leƙa, na ga hijabi ruwan toka ya shige mota, motar ta ja da baya ta kusa kwashe kwandon shara, ta fita.

Na dawo na ba su shayi na biyu. Baba Alhaji ya shiga ba da labarin yadda suka yi fataucin fata da mahaifinmu, labarin da na ji sau goma, ya ja shi har da sunayen garuruwa. Dokta yana duba salula, yana kiran ta Yaya, tana ringin a cikin aljihun rigar da ke rataye a ƙusa. Sai a lokacin ya gane. Ya sauka a guje. Muka ji shi yana buga ƙofofin hawa na biyar, na huɗu. Ya dawo yana huci, ya tsaya a kaina ya faɗa mini magana da Faransanci, wadda ba zan rubuta ba, ya ce kuma yanzu ya san inda nake kwana.

Baba Alhaji ya miƙe da ƙyar, ya sa kwat. A bakin ƙofa ya ce mini, ƙasa-ƙasa, "Ni ban ga komai ba. Kada ki sake ba ni lambar gida, ko na roƙe ki." Suka sauka. Goron da atamfar suna nan bisa tabarma.

Sau uku na ga Dokta a tashar bas ɗinmu cikin watan nan, tsaye da jaka kamar mai jiran wani. Na daina bin hanyar, na koma kwana wurin Anasarar, ni da kare a falo ɗaya, har na samu wani ɗaki a wata unguwa. Ita ce ta raka ni na kai ƙararsa a kan bibiyata da yake yi, da sunana, ba da na Yaya ba. Yaya har yau ba ta kai ba.

Ranar Litinin ɗin aka ba ta ɗakin. Daga baya aka sake mata wani, an gyara mata takarda da sunanta ita kaɗai, yarinya ta shiga lakwal. Muna haɗuwa ranar Lahadi a wata tashar metro, mu ci abinci, in yi wa yarinya kitso bisa benci in babu sanyi. In za mu rabu sai ta tsaya sai na shiga jirgina ya tashi, sannan ta juya. Sau ɗaya na ce, "Yaya, wai a wace unguwa kuke ne?"

Ta gyara wa yarinya hula. Ta ce, "Jirginki ya zo, Auta."

Shekara biyu ke nan, ban san titin ba. Ban sake tambaya ba.